Yaushe Aka Daina Bauta a Ƙasar Hausa?

Duk sa'ad da hirar bauta ta taso a majalisa, akwai maganar da ke saurin fitowa: wai ranar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ranar aka kwance wa bayi mari, kowa ya kama gabansa. Rabin wannan magana ne kaɗai gaskiya.

Abin da ya tabbata shi ne Gwamna Lugga ya fitar da doka a 1901, tun kafin sojojinsa su iso ganuwar Kano. Dokar ta haramta harin kamun bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. Sannu a hankali aka tashi kasuwannin bayi, har da ta cikin kasuwar Kurmi ta Kano. Amma dokar ba ta mai da mallakar bawa laifi ba. Wanda gari ya waye masa a rinjin ubangijinsa, a nan ya kwana.

Ba mantuwa aka yi ba. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, waɗanda suka rubuta littafi a kan lamarin a 1993, sun ƙiyasta cewa bayin Daular Usmaniyya a wajen 1900 sun kai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Su ne ƙashin bayan gandun sarakuna da na attajirai. Lugga yana son haraji, yana kuma son mulki ta hannun sarakuna, don haka bai yarda gonaki su koma saura a dare ɗaya ba. Bayi da yawa sun tsere a ruɗanin yaƙi, wasu suka nufi garuruwan da aka kamo su, sai jami'an mulkin mallaka suka riƙa toshe wa masu gudu hanya, musamman ta hana su ƙasar noma.

Ƙofar da aka bari a buɗe ita ce wadda Hausawa suka sani tun da: murgu da fansa. Bawa ya nemi izini ya yi aikin kansa, dako ne ko saƙa ko ƙodago, yana biyan ubangijinsa wani abu a kai a kai, yana kuma tara na gefe. In kuɗin ya cika, a je gaban alƙali, a ba shi takardar 'yanci. Wato mutumin da aka sato daga garinsu shi ne kuma ya biya kuɗin kansa, da guminsa, wani lokaci shekara da shekaru. Mata sun fi shan wuya, domin an riƙa fakewa da sunan fansa ana sauya musu gida a matsayin sa-ɗaka.

Sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya, bayan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1926 a kan bauta ta sa idon duniya a kan Ingila. Lokacin da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, labarin bautar da ke cikinsa ba tatsuniya ba ce ga masu karatu: akwai bayi a raye a unguwanninsu.

Magana ta biyu ita ce wadda ake yi don kare kai: wai bautar ƙasar Hausa ba bauta ba ce, bawa ɗan gida ne. Masu faɗin haka suna da abin nunawa. A fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, kuma ƙarfin faɗa-a-jinsu ya fi na 'ya'ya da dama. Cucanawa, waɗanda aka haifa a gida, al'ada ta ƙi a kai su kasuwa. Sai dai fada ba ita ce ƙasa ba. Mafi yawan bayi suna rinji ne, a wurare irin su Fanisau, suna duƙe a gona daga safe. Kuma kafin mutum ya zama "ɗan gida", an riga an ƙone ƙauyensu an raba shi da uwarsa. Hare-haren Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora sun mai da garuruwa kufai. Adalci shi ne a faɗi duka biyun.

Ta uku, wai abin ya wuce tun zamanin kakanni. A Nijar, Faransa ta soke bauta a takarda a 1905, amma sai a 2003 dokar ƙasar ta sanya mata hukunci, bayan fafutukar ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan sefa 240,000, aka mai da ita wahaya, wato sa-ɗaka, a yankin Ƙonni. A Oktoban 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Batun tunawa ma yana da nasa ruɗanin. Ranar 23 ga Agusta da UNESCO ta ware don tunawa da cinikin bayi tana komawa ne ga tawayen bayin Haiti na 1791. Hutun 19 ga Yuni da Amurka ta ayyana a 2021 na tuna ranar da labarin 'yanci ya isa Galveston ta jihar Texas a 1865. Babu ɗaya da ta shafi dokar 1936, kuma cikin ranakun hutun Nijeriya babu ta bayi. A Kudu, Badagry tana da gidajen tarihin bauta da baƙi ke ziyarta. A Arewa kuwa, inda aka buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru a farkon mulkin Turawa, tarihin ya fi fitowa ne a lokacin neman aure, sa'ad da dattawa suka shiga ɗaki suna binciken asalin yaro da murya ƙasa-ƙasa.