Sayen Gida a Biranen Bakin Teku na Ƙasashen Maƙwabta: Abin da Ya Kamata a Sani

Sayen ɗan madaidaicin gida a Kwatano (Benin), Lome (Togo) ko Ankara (Gana), da komawa can da iyali, yana jan hankalin wasu 'yan kasuwar Birnin Kebbi da Argungu, musamman masu harkar albasa, dabbobi da motoci. Hanyar tsohuwa ce. Tun zamanin fataucin goro ayarin Gwanja ke ratsa ƙasar Kabi, kuma zangunan Hausawa sun daɗe da kafuwa a waɗannan birane. A yau mota kan fita ta Lolo zuwa Malanbil, ta gangara ta Faraku har bakin teku. Wannan sauƙin zuwa shi ke sa mutum ya ɗauka cinikin gida a can irin na unguwar Tudun Wada ko Badariya a Birnin Kebbi ne, alhali doka daban, ƙasar ma daban.

Izinin zama

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin, Togo da Gana ba biza, ya zauna har kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya nemi katin zama daga hukumar shige da fice ta ƙasar. Mallakar gida ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, ba ta kuma maye gurbin katin. A Nuwamba 1969 gwamnatin Gana, ƙarƙashin Busia, ta kori baƙi marasa takardu daga ƙasar, da yawa suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu suka bar su haka nan. Najeriya ma ta yi irin wannan kora a 1983. Haka kuma, rufe iyakokin Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya raba mutane da kasuwancinsu sama da shekara guda.

Wane iko baƙo ke da shi a kan ƙasa

A Gana, tsarin mulki na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili har abada. Abin da yake samu hayar ƙasa ce da ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda. Duk dillalin da ya ce fili ya zama na baƙo har jikoki, ko dai bai san doka ba ko yaudara ya shirya. Mafi yawan filaye a can na sarakuna ne da dangogi, kuma sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku ya yi yawa har wasu ke ɗaukar 'yan daba su tsare musu fili, abin da dokar ƙasa ta 2020 ta haramta. Bincike a Hukumar Filaye ya kamata ya riga kafin alƙalami.

A Benin, dokar filaye ta 2013 ta keɓe filayen karkara ga 'yan ƙasa, ta ƙyale baƙo ya sayi gida a birni bisa sharuɗɗa. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce takardar da ake kira titre foncier, wadda hukumar filaye ta ANDF ke bayarwa. Takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa ba ta kai ta ba. A Togo kuwa baƙo na bukatar izinin hukuma kafin ciniki ya tabbata. A ƙasashen biyu, ana ƙulla ciniki a gaban notaire, jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da irin waɗannan takardu. Sarkin zango da limami suna iya nuna mutumin kirki, amma shaidarsu ba ta hana rusau: a 1977 hukuma ta tashi tsohon zangon Lome ta mai da mazaunansa bayan gari.

Dalilin arhar gidan bakin ruwa

Mutumin Argungu ya san ambaliya, ya ga abin da ta yi wa gonakin shinkafa a 2020. Sai dai gulbi in ya janye yakan mayar da fadama, teku kuwa abin da ya ci ya ci ke nan. Madatsar Akosombo da ke Gana ta rage yashin da kogin Volta ke kaiwa gaɓa, tashoshin jiragen ruwa na Lome da Kwatano kuma suna tare yashin da igiyar ruwa ke turawa gabas. Shi ya sa unguwannin da ke gabas da tashoshin suka fi zaizayewa, irin su Akpakpa a Kwatano da yankin Baguida zuwa Aneho a Togo. Teku ya cinye wani ɓangare na garin Keta a Gana. Wani bincike na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku ta jawo wa Benin, Togo, Kodebuwa da Senegal asarar dala biliyan 3.8 a 2017 kaɗai.

Ban da haka, ƙasar da ke dab da ruwa ta hukuma ce a Benin da Togo, wanda ya gina a kanta ana iya tashinsa. Iskar gishiri tana cin kwano da rodi da ƙofofin ƙarfe, rijiya takan yi zartsi, unguwannin ƙwari kuma kan cika da ruwa a damina. Gidan da aka gani da rani sai an sake ganinsa a watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a kudu.

Kuɗi da gado

Sefa, kuɗin Benin da Togo, a ɗaure take da yuro, naira kuwa ta faɗi daga kusan 460 a dala zuwa sama da 1,500 bayan an sake ta a Yuni 2023. Wanda samunsa na naira ne, ya ɗauki gida biya sannu-sannu da sefa, bashinsa na iya ninkawa yana zaune. Kan kuɗin gida akwai la'ada, kuɗin safiyo, na rajista, na lauya da harajin shekara. Dokar Najeriya ta wajabta bayyana wa kwastan duk tsabar kuɗin da ta haura dala 10,000 a bakin iyaka. Biya ta banki, da sunan wanda ke kan takardar gida, yana barin hujja. Kuɗin da aka damƙa wa ɗan aike ba ya bari.

Gado yakan zo da rikici, domin gida dokar ƙasar da yake ciki yake bi. Dokar iyali ta Benin ta 2004 auren mace ɗaya ta amince da shi, kuma ta daidaita rabon ɗa da 'ya. Gana ma tana da dokarta ta 1985 kan wanda ya rasu bai bar wasiyya ba. Mai iyali da ke son a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci ya nemi lauyan ƙasar tun yana da rai. Sayen gida da sunan aboki ɗan ƙasa don kauce wa doka kuwa, a idon kotu gidan na abokin ne da magadansa.

Matakan da suka fi aminci

Mai niyya ya fara da haya na shekara guda a unguwar da yake so, ya ga damina, ya gwada kasuwa, ya duba makarantar yara, domin da Faransanci ake karatu a Benin da Togo. Ya tanadi fasfo da katin rigakafin shawara ga kowa a gidan, ya yi rajista a ofishin jakadancin Najeriya. Ya ɗauki lauyansa da safiyonsa, ban da na mai sayarwa. Kada ya sayi gida ta hoton WhatsApp, kada kuma ya sayar da gida da gonar gado a Kabi kafin takardar can ta fito da sunansa.