Albashin ma'aikatan gwamnati: Doka ta ce a wallafa, to ina jerin yake?

A watan Agustan 2024, Sanata Sumaila Kawu mai wakiltar Kano ta Kudu ya shaida wa BBC Hausa cewa albashinsa bai wuce kusan naira miliyan ɗaya a wata ba, amma kuɗin gudanar da ofis da yake karɓa sun kai naira miliyan 21.

A daidai lokacin ne hukumar RMAFC, mai yanka albashin masu riƙe da muƙaman siyasa, ta ce sanata na samun naira 1,063,860 a wata.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Hukumar ta faɗi albashi da alawus ɗin da ita ta ƙayyade, shi kuwa sanatan ya buɗe ɗaya aljihun. Miliyan 21 ɗin nan daidai take da albashin ma'aikata 300 masu karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Tun a 2018 Shehu Sani ya fara fasa ƙwan, inda ya ce kuɗin ofis ɗin naira miliyan 13.5 ne a wata. Wato sau biyu ke nan sai da wani ɗan ciki ya ga dama kafin jama'a su ji.

Bai kamata a ce sai an jira hakan ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011, ta wajabta wa hukumomin gwamnati wallafa sunayen ma'aikatansu da muƙamansu da albashinsu da ranar da aka ɗauke su aiki, ko ba a tambaya ba. Wanda ya nema a rubuce kuma, a amsa masa cikin kwana bakwai. Sai dai mai karatu zai sha wuya kafin ya ga irin wannan jeri a shafin intanet na wata ma'aikata.

Akwai inda ake yi. A lardin Ontario na Kanada, tun 1996 ake fitar da sunan duk ma'aikacin gwamnati da ya samu dalar Kanada 100,000 ko fiye a shekara. Ba a taɓa ɗaga wannan adadi ba, shi ya sa jerin da ya fara da 'yan dubbai ya haura mutum 300,000, har da malaman makaranta da ma'aikatan jinya.

A Najeriya kuwa akwai fargabar da ba a raina ta: a ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, liƙa sunan ƙaramin ma'aikaci kusa da albashinsa na iya zama haɗari. Amma wannan uzuri bai shafi sanatoci 109 ba, waɗanda kowa ya san sunansu. Abin da ake nema a wajensu shi ne jimillar abin da ke shiga hannu da rasit ɗin yadda aka kashe shi.