Bawa Jan Gwarzo Tsakanin Kirari da Alƙalamin Malamai

Gulbin Rima, wanda Madatsar Goronyo take tare ruwansa tun bayan kammala gininta a 1984, kafin ya gangaro Goronyo da Wurno sai ya ratsa ta kusa da kufan Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, inda Bawa Jan Gwarzo ɗan Babari ya riƙe sarauta a ƙarshen ƙarni na 18. Babari ne ya karya ƙarfin Zamfara ya kafa fadarsa a wannan wuri, amma a zamanin Bawa ne daular ta kai ƙololuwar ƙarfinta, har ya zamana ko a yau, da birnin ya daɗe da rushewa tun faɗuwarsa a hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1808, idan aka ambaci jaruntaka a ƙasar Hausa sunansa ne yake fara zuwa baki.

Wannan shahara kuwa ba littafi ne ya raya ta ba, makaɗan fada da maroƙa ne suka riƙe ta, suna miƙa kirarinsa daga uba zuwa ɗa. 

Sai dai Bawa ya sami wata falala, ita ce malamai ma sun rubuta labarinsa, sun kuma nuna fuskar da kirari bai cika kula da ita ba. Waziri Gidado ɗan Laima ya kawo a littafinsa Raudul Jinan cewa a ranar Babbar Salla, wajen shekarar 1788, sarkin ya tara malaman ƙasarsa a Magami ya yi musu kyauta mai yawa, amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda aka tsare, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa, duk da ƙasaitarsa da kwarjininsa, ya amince da su duka, kuma wannan dattako ne magadansa, Nafata da Yunfa, suka kasa riƙewa, har aka kai ga faɗuwar Alƙalawa.

Saboda haka wanda yake son sanin haƙiƙanin wannan sarki wajibi ne ya haɗa riwayoyin biyu, domin kirari yana ba da labarin ƙarfi, alƙalami kuma yana ba da labarin adalci. Littattafan suna nan a adane, amma kirarin yana ƙirjin tsofaffi a Sabon Birni da Tsibiri da ƙauyukan bakin Rima, kuma haƙƙi ne a kan ɗalibanmu na tarihi su je su naɗe shi, su rubuta shi, tun masu shi suna raye.