DAGA ADJENGRÉ ZUWA BAKIN TEKU: ABIN DA MUKA GANO A AGBODRAFO DA ANÉHO

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina koya wa yara labarin ƙasa da tarihin Togo, ina zana musu bakin teku da alli, ina cewa ga Lomé, ga Aného, ga tafkin Togo. Yara su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci, amma in ka tambayi ɗayansu yadda teku take, sai ya ce ai kamar kogin Mono ce da damina. Wannan ne ya sa a hutun Disamban da ya wuce muka haɗa kai da iyayen yara, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka yi hayar mota muka kai 'yan lakwal 18 su gani da idonsu. Tare da mu akwai malama ɗaya, da wani dattijo na zangonmu, tsohon ɗan kasuwar goro, wanda iyaye suka ce sai da shi za su saki 'ya'yansu.

HANYAR KUDU

Mun tashi daga Adjengré bayan sallar asuba, hunturu na busawa, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Muka bi babbar hanya ta Sotouboua, Blitta, Anié, Atakpamé, Notsé da Tsévié, tafiyar kimanin kilomita 300. Tun kafin mu kai Notsé yara suka tuɓe rigunan sanyi, don iskar kudu ta fara yi mana maraba da gumi. Da la'asar muka sauka a Zangon Lomé, wajen 'yan'uwa. Dattijonmu ya nuna wa yara cewa da can zango a tsakiyar birni yake, sai a 1977 aka tashe shi aka mai da shi Togblékopé, arewa da gari.

Washegari da sassafe ɗan jagoranmu ya iso. Saurayi ne ɗan ƙabilar Mina, haifaffen Aného, wanda sana'arsa ke nan kai baƙi yawon buɗe ido. Dattijo na ganinsa ya raɗa masa suna Jagaba, ya ce a zamanin fatake duk ayari yana da madugu, yana kuma da jagaba mai shiga gaba, wanda ya san mashigin kowane rafi. Jagaba yana magana da Faransanci, ni kuma ina juya wa dattijo da Hausa. Kafin mota ta tashi ya kafa mana doka uku: kada wanda ya shiga teku ruwa ya wuce masa idon sawu, kada a ɗauki hoton mutum ko wurin tsafi sai an nemi izini, kuma inda aka ce a yi shiru a yi shiru.

TEKU MAI CIN ƘASA

Bakin tekun Togo gajere ne, kilomita 50 da 'yan kai ne kawai daga iyakar Gana zuwa iyakar Benin. Da muka wuce tashar jiragen ruwa ta Lomé muka doshi Baguida, sai Jagaba ya tsai da mota, muka ratsa ta cikin itatuwan kwakwa, sai ga ta nan, ruwa iyakar ganinka, igiya na tasowa tana faɗuwa da ruri kamar aradu. Yaran da suka cika mota da surutu duk suka yi tsit. Can gefe masunta fiye da ashirin sun yi layi suna jan taru da igiya ɗaya, suna waƙa don ƙarfinsu ya zo daidai, mata kuma na jira da manyan kwanoni. Samarinmu suka kama igiya suka taya su, ba a jima ba tafin hannunsu ya yi ja.

Jagaba ya nuna mana wasu baƙaƙen ɓaraguzai da ruwa ke duka, ya ce wannan tsohuwar hanyar mota ce ta Lomé zuwa Aného, teku ta cinye ta. Dalili kuwa shi ne, ruwan wannan gaɓa yana kwasar yashi daga yamma yana kai shi gabas. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a Gana a 1965, yashin da kogin Volta ke kawowa ya ragu. Da aka buɗe tashar jiragen Lomé a 1968, doguwar katangarta ta tare wanda ya saura. Saboda haka yamma da tashar yashi na taruwa, gabas da ita kuwa teku na yagar ƙasa, tana tafiya da gidaje da gonakin kwakwa har da maƙabartu. A 2022 da 2023 an jera manyan duwatsu cikin ruwa daga wajen Agbodrafo zuwa Aného don a tare yashi, mun kuwa gan su. Wannan darasi na sha koyar da shi a aji, amma ranar ce na ga yara sun fahimce shi ba tare da na maimaita ba.

GIDAN BAYI NA AGBODRAFO

Agbodrafo tana kimanin kilomita 30 gabas da Lomé, tsakanin teku da tafki. Turawan Fotugal suna kiranta Porto Seguro, wato mashigi mai aminci. A nan akwai gidan da ake kira Woold Homé, gidan Wood ke nan da harshen mutanen wurin, don sunan wani Bature ɗan Sikotilan mai fataucin bayi. An gina shi wajen 1835, zamanin sarki Assiakoley, aka yi ta aiki da shi har wajen 1852. Mai karatu ya lura da waɗannan shekaru. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi tun 1807, jiragen yaƙinta kuma suna sintiri a teku suna kama masu yi. Ashe ke nan wannan gida na sumoga ne, an gina shi ne don ɓoye mutane.

Daga waje ba ka ganin kome sai gida mai kyau irin ginin 'yan Burazil, da baranda da ɗakuna. A tsakar falo Jagaba ya ɗaga wani murfin katako, sai ga rami. Ƙarƙashin gidan duka ɗaki ne guda, ƙasansa yashi, tsayinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, babba ba ya iya miƙewa tsaye. A nan ake tara mutane cikin duhu, mako da makonni, masu gida na cin abinci bisa kansu, har ran da jirgi zai samu sarari. Muka shiga biyar biyar, a sunkuye. Minti biyu kawai na yi na ji numfashina na sarƙewa. Bayan gari kuma akwai rijiyar Gatovoudo, inda ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su jirgi. An sa gidan cikin jerin wuraren da Togo ta gabatar wa UNESCO a 2002, aka kuma gyara shi a 2006.

Da muka fito, wata yarinya 'yar shekara 12 ta tambaye ni, ta ce, "Mushe, su wane ne aka tsare a nan?" Jagaba ya ce mutane ne da ake kawowa daga cikin ƙasa, har daga arewa mai nisa. Sai na zaunar da yara a inuwa na gaya musu abin da tarihi ya tabbatar game da wannan gaɓa.

NAMU NA CIKI

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, yaƙe-yaƙe sun jefa Hausawa da yawa hannun masu sayarwa, aka gangaro da su bakin teku, aka loda su a Wida da Ikko da sauran mashigai zuwa Bahia ta ƙasar Burazil. Can ɗin ba su kwanta ba. Hausawa ne suka shirya tawayen 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A daren 24 ga Janairu 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban tawaye a birnin Salvador, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. An samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan wannan ne aka koro waɗansu, waɗansu kuma suka fanshi kansu suka komo, suka zauna a Aného, Agoué, Wida da Ikko. Su ne ake kira Aguda.

Akwai kuma mutum guda da muka san sunansa da labarinsa, Mahommah Gardo Baquaqua, wato Muhammadu. An haife shi a Djougou, nan ƙetaren iyaka gabas da Kara, kan hanyar fataken goro. Uwarsa Bakatsiniya ce. An kama shi yana saurayi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Wida, wajen 1845 aka sa shi a jirgi zuwa Pernambuco ta Burazil. A 1847 jirgin ubangidansa ya je New York, ya tsere. Ya zauna a Haiti, ya yi karatu a Amurka, a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a birnin Detroit. Babban burinsa shi ne ya komo gida wajen uwarsa.

Ina gama wannan sai dattijo ya gyara murya, ya ce, "Malam, ka faɗi rabi, bari in cika maka." Ya dubi yara ya ce, "Jikokina, kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja ta Djougou da Sansanin Mango ba kanwa da tufafi da fata kaɗai suke kaiwa kasuwar Salaga ba. Har da mutane. Ni na ji daga bakin kakana. A cikin wanda aka sayar akwai namu, a cikin mai sayarwa ma akwai namu. Kada ku koma gida kuna zagin wata ƙabila." Ya ɗaga hannu ya yi wa waɗanda suka mutu a wannan hanya addu'a, muka shafa. Jagaba, wanda Kirista ne, ya cire hularsa ya tsaya tare da mu.

ƘETARE TAFKI

Da azahar muka gangara bakin tafkin Togo don ƙetarawa zuwa Togoville. Kwalekwale ne na katako, mai shi yana tsaye a baya yana tura shi da doguwar gora, don tafkin ba shi da zurfi sosai. Muka kasu biyu. Muna tsakiya iska ta taso, ruwa ya fara fantsamowa ciki, yara suka ruɗe, wasu na salati, wasu na neman miƙewa. Jagaba ya daka tsawa ya ce kowa ya zauna inda yake, ya miƙa wa manyan ƙwarya su riƙa kwarfe ruwa. Da haka muka kai gaci lafiya, sai dai tufafi sun jiƙe sharkaf. Wanda ya fi kowa cika baki a mota shi ya fi kowa kuka, har yau abokansa ba su bar shi ya huta ba.

Daga wannan gari ƙasarmu ta samo sunanta. Ran 5 ga Yuli 1884 Bajamushe Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniya a Baguida da wakilan sarki Mlapa na Togoville, daga nan mulkin Jamus ya fara. Mun ga babbar majami'ar da aka gina a 1910, wadda Fafaroma John Paul na biyu ya ziyarta a 1985, shi ma ta kan tafkin ya zo. Mun ga kuma gumakan bodu a bakin ƙofofi. Yara suka bi dokar Jagaba, ba wanda ya nuna da yatsa ko ya yi dariya, abin da ya faranta mini rai ƙwarai.

ANÉHO

Rana ta uku muka isa Aného, wadda Turawa ke kira Petit-Popo, kimanin kilomita 45 daga Lomé. A kan gada muka tsaya muna kallon inda ruwan tafki ke haɗuwa da teku, ga jiragen masunta masu fenti kala-kala a jere. Nan ne hedkwatar Jamusawa daga 1887 zuwa 1897, a unguwar Zébé, kafin su koma Lomé, kuma gine-ginensu na nan. A nan ma akwai sawunmu, domin rundunar 'yan sandan da Jamus ta kafa a 1885 da Hausawa ta fara, irin wannan runduna ce kuma aka hau da ita arewa aka ci garuruwa. Tsofaffin benayen Aguda suna nan cikin gari, waɗansu rufinsu ya rufta, gishirin teku na cin bangonsu. Iyalin shugaban ƙasarmu na farko, Sylvanus Olympio, daga cikin zuriyar da ta zo daga Burazil suke.

Mun so mu ƙetara zuwa Wida mu ga Ƙofar Tafiya Ba Komowa da aka gina a 1995, amma a iyakar Sanvee-Condji muka tsaya, domin yara bakwai cikin 18 ba su da takardar haihuwa. Laifin kuwa namu ne, iyaye.

SHAWARA GA 'YAN'UWA

Ga malamai da shugabannin zango na Sokodé, Dapaong da sauran garuruwa masu son yin irin wannan tafiya, ga abin da muka koya. A fara tara kuɗi tun farkon shekarar karatu, kaɗan kaɗan. A nemi masauki wajen 'yan'uwa a zango, a tafi da gari da ƙuli-ƙuli da ruwan sha, kuɗin abinci zai ragu. A ɗauki ɗan jagora na gari wanda ya san wurin, a yi ciniki da shi tun kafin a tashi, a kuma bi maganarsa, musamman a bakin ruwa, don tekun nan tana da ja, ko gwanin iyo na kogi ba ya wasa da ita. Kada a cika kwalekwale, a tambayi rigar ruwa. A nemo wa kowane yaro takardar haihuwa. A kuma tafi da dattijo, domin akwai abin da ba ya cikin littafi.

Mu Hausawan Togo sau da yawa muna ɗaukar tarihin bakin teku kamar na waɗansu ne, mu baƙi ne 'yan kasuwa. Abin da muka gani ya nuna ba haka ba ne. Teku kuwa ba ta jira, gine-ginen nan ma suna tsufa, gara a kai yara tun suna tsaye. Da muka komo na sa kowa ya rubuta abin da ya gani. Yarinyar nan da ta yi tambaya shafi huɗu ta cika, a ƙarshe ta roƙi a kai su Djougou baɗi su ga garin Muhammadu. Mun fara tara kuɗin. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.