Daga Jiƙo Zuwa Ƙwaya: Magungunan Itatuwa da Cututtukan Bairos

Maganin gargajiya da aka saba sha a jiƙe ko a dafe ya fara sauya kama. A shagunan magani na Unguwar Sanusi da maƙwabciyarta Tudun Wada a Kaduna, ana samun zogale, tafarnuwa da habbatus sauda a kafso ko a ƙwaya, wasu har da da'awar kashe bairos.

Annobar korona ta 2020 ce ta ƙara wa harkar kaimi, musamman da Madagaska ta fito da Covid-Organics da aka haɗa da tazargade. Amma babban dalili ya girmi korona. Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Maganin asibiti irin tenofovir danne cutar yake yi, kuma shekaru ake yi ana sha. Talakan da aka yi wa alkawarin warkewa cikin wata guda da wuya ya juya baya.

Ba a banza ake sa rai ga itatuwa ba. Sinadarin da aka fara haɗa maganin mura na Tamiflu da shi daga 'ya'yan wani icen ƙasar Sin aka tatso shi, kuma masana a Burkina Faso sun ga sabara tana hana bairos ɗin ƙyandar kaji yaɗuwa a ɗakin gwaji. Sai dai ɗakin gwaji daban, jikin mutum daban: cibiyar NIPRD ta Abuja ta gwada haɗin Madagaska, ba ta samu hujjar yana warkar da korona ba.

Amfanin ƙwaya shi ne awo. Ana tatse ganye da ruwa ko sinadari, a busar, a cuɗa da sitaci da ƙaro, a matse a inji. Aikin na da wuya, domin garin yana zuƙar danshi. Da damina sai ƙwayar ta yi laushi, ta manne a leda, ƙarfinta ya ragu.

Illar kuwa ita ce kwarjinin da ƙwaya ke ba abin da ba a gwada a kan marasa lafiya ba. Lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe shaidar gwajin guba ce kawai, ba ta warkarwa ba. Mai ciwon hantar da ya ajiye maganin asibiti saboda irin wannan ƙwaya ya sa ransa cikin haɗari.