Yadda za a koya wa ɗaliban sakandare Yaƙin 1812

A ranar 18 ga Yuni, 1812, Shugaban Amurka James Madison ya sa hannu kan shelar yaƙi da Birtaniya. Malamin da zai koyar da wannan yaƙi gara ya fara daga teku. A lokacin Birtaniya na gwabzawa da Napoleon na Faransa, tana kuma fama da ƙarancin matuƙan jirgin ruwa. Sai jiragen ruwanta na yaƙi suka riƙa tare jiragen 'yan kasuwan Amurka suna kwashe matuƙa da ƙarfin tsiya, suna cewa 'yan Birtaniya ne da suka tsere. Idan ɗalibi ya hango matashi a kan jirgi ana jan sa zuwa aikin sojan wata ƙasa, nan take zai gane fushin Amurkawa.

Sai a shimfiɗa taswira. A Afrilu 1813 sojojin Amurka suka ƙona gine-ginen gwamnati a York, wato Toronto ta yau. A Agusta 1814 Turawan Ingila suka shiga Washington suka cinna wa fadar shugaban ƙasa wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tsallake 'yan asalin ƙasar. Tecumseh, jagoran ƙabilar Shawnee, ya haɗa kan ƙabilu ya mara wa Birtaniya baya don kare filayensu, aka kashe shi a Oktoba 1813, haɗin kan ya watse. Ya cancanci darasi guda cur.

An ƙulla yarjejeniyar sulhu a Ghent ranar 24 ga Disamba, 1814, amma labari bai ƙetare teku ba sai bayan kwamandan sojojin Amurka Andrew Jackson ya fatattaki sojojin Birtaniya a New Orleans ranar 8 ga Janairu, 1815.