Ko Kun Sani? Yadda Aka Ga Bayan Bushiya

Ko kun san cututtuka biyu kacal ɗan Adam ya taɓa kawarwa daga doron ƙasa? Ɗaya agana ce, ɗayar kuma bushiya, annobar shanu.

Baƙuwa ce a nahiyarmu. Wajen 1887 ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Massawa a Eritiriya, cikin shanun da aka kawo wa sojojin Italiya. Kafin a ankara ta iso ƙasar Hausa da Borno. Saniya ta kama zazzaɓi, ido da hanci na zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo ya ƙarasa ta. Makiyaya da yawa sun wayi gari ba su da komai sai sanda.

A 1962 aka fara gangamin rigakafi a ƙasashen tafkin Chadi. Da aka ga sauƙi sai aka yi sakaci, ta sake ɓarkewa a Najeriya farkon shekarun 1980. Daga nan ba a ƙara yin sake ba: jami'ai suna bin garke, suna ɗibar jini, suna tambayar makiyaya.

An yi mata ganin ƙarshe a jikin ɓauna a Kenya a 2001, aka shelanta ƙarewarta a 2011.